Kwandala ta asali ko takobin kwafi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, amma ina roƙon Sarkin Tsokana ya kame bakinsa tukuna. Kun san ni da son tarkacen fim. Tun da na zo Ingila karatu nake saye kaɗan-kaɗan, yawanci fosta da 'yan motocin wasa. Yanzu na ware fam 400, kuma abu biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko kwandala ce guda ɗaya daga cikin tulin da aka zuba a wani fim na 'yan fashin teku. Ba zinariya ba ce, ƙarfen banza ne aka shafa wa ruwan gwal, amma mai ita ya ce ta shiga fim ɗin, har da takardar shaida. Na biyu takobi ne na kwafi, kamfani mai lasisi ya ƙera shi daidai da na jarumin wani fim da nake so, ƙarfe ne sosai, har da allon ratayewa a bango. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne za ku ɗauka?

Sarkin Tsokana: Wa'alaikumus salam. Ni ban ce komai ba. Fam 400 a kan kwandalar da ko ƙosai ba za ta sayo ba. Ban dai ce komai ba.

Baban Khalifa: Yaro, ɗauki takobin. Mu 'yan kasuwa abin da hannu zai ɗaga ya ji nauyi shi muka sani. Baƙo ya shigo ɗakinka ya ga takobi a bango, dole ya tsaya ya kalla. Kwandala kuwa sai ka yi masa bayanin rabin awa kafin ya gane dalilin da ka sa ta a gilashi, a ƙarshe ya ce maka "to, madalla."

Injiniya: Baba, da girmanka, ai bayanin rabin awan nan shi ake saye. Ku ji labarin wani takalmi. Jan takalmin da Judy Garland ta sa a The Wizard of Oz na 1939, a cikin fim ana cewa na yaƙutu ne. A zahiri takalmin mata ne na kanti aka rina, aka lulluɓe shi da yadi mai 'yan ƙyalƙyalin nan da teloli ke sa wa kayan amare, sai duwatsun gilashi a ɗaurin gaba. A 2005 wani ya shiga gidan tarihin Judy Garland da ke Grand Rapids a jihar Minnesota cikin dare, ya sa guduma ya fasa akwatin gilashin, ya yi gaba da shi. Sai a 2018 FBI ta gano takalmin. Da ɓarawon ya amsa laifinsa a kotu a 2023, tsoho da shi, ya ce shi ya ɗauka duwatsun na gaske ne, tunda an yi wa takalmin inshorar dala miliyan 1. Da mai sayen kayan sata ya ce masa gilashi ne, sai ya rabu da shi. To wannan takalmin da ɓarawo ya raina, a Disamban 2024 Heritage Auctions ta yi gwanjonsa a Dallas, aka sallama a dala miliyan 28. Da la'ada ya kama miliyan 32.5.

Sarkin Tsokana: Ashe ɓarawon ma ra'ayinsa ɗaya da Baba, abin da hannu zai ji nauyi yake nema.

Baban Khalifa: Kai ka kiyaye ni. Na haifi wanda ya girme ka.

Maman Ihsan: Injiniya, ni abin da na tsinta a labarinka daban ne. Wato shi "na asalin" ma jabu ne tun ran gini. An yi shi ne don ya yaudari kyamara. To wanda ya kwaikwayi jabu, me ya rage masa? Na tabbata telar da ta zauna yau da kayan aiki masu kyau za ta ɗinka takalmin da ya fi wancan kyau da ƙarko.

Injiniya: Za ta ɗinka, Hajiya, har ya fi. Amma ƙafar Judy Garland ba ta shiga nata ba.

Mai Hoto: Maganar Hajiya ta tuna min da abin da ya shafi sana'ata. Takobin hasken da Luke ya riƙe a Star Wars na 1977, mariƙinsa ba ƙera shi aka yi ba. Mariƙin fitilar kyamara ne na kamfanin Graflex, irin wanda masu ɗaukar hoton jarida a Amurka ke maƙala wa kyamarorinsu a shekarun 1940. Roger Christian, mai shirya kayan fim ɗin, a shagon kayan hoto a Landan ya tsinto su, ya manna masa 'yan layukan roba a wurin riƙo da wani ɗan gilashi da aka ciro daga kalkuleta. Shi ke nan. Na Darth Vader ma mariƙin fitila ne, na wani kamfanin Ingila mai suna MPP. Yanzu masu yin kwafi tsohon Graflex na gaske suke farauta, da tsohuwar kalkuleta iri ɗaya, su haɗa. Mu masu son tsofaffin kyamarori sun sa abin ya yi mana tsada, haushinsu muke ji. Amma tambayata: ƙarfe ɗaya, masana'anta ɗaya, shekaru ɗaya, haɗi ɗaya. A ajiye su biyu a tebur ba mai bambancewa. Ɗaya a sayar da shi 'yan ɗaruruwa, na Vader kuma da ya fito a fim aka saye shi sama da dala miliyan 3 a gwanjon Propstore a 2025. Ina bambancin yake zaune?

Almajirin Zaure: A salsala yake zaune, Malam. Mu da muka ɗan zauna gaban malaman hadisi abin bai yi mana baƙo ba, ba don ina haɗa darajarsu ba, Allah ya tsare. Hanyar binciken ce iri ɗaya. Ba a tsayawa ga matani kaɗai, sai an tambayi isnadi: wa ya karɓa daga wa, shi kuma amintacce ne, sun ma taɓa haɗuwa? In aka sami giɓi a tsakiya, magana ta yi rauni ko da lafazinta ya yi daɗi. Ɗan Fagge, kwandalarka daga hannun wa ta fito? Shi mai sayarwar ya yi aiki a fim ɗin, ko shi ma "an ce masa" ne?

Ɗan Fagge: Malam, takardar dai ta ce daga ma'aikacin fim ɗin ta fito. Ba suna.

Almajirin Zaure: To ruwayar majhuli ke nan.

Ɗan Damagaram: Ɗan'uwa, takarda kada ta ruɗe ka, ni ta ci ni. Shekara biyu da suka wuce na sayi wata hular soja a intanet, wai daga fim ɗin yaƙi. Ta zo da takarda mai hatimin zinariya, da lamba, da sa hannu kamar na gwamna. Na kai wata shida ina nuna wa mutane. Ran nan ina yawo a shafin sai ga wata hular, takarda iri ɗaya, lambar ma ita ce tawa sak. Na rubuta wa mutumin, shiru, bayan kwana biyu shagon ya ɓace. Duk mai firinta zai iya buga takardar shaida. Darajarta darajar wanda ya sa hannu ce, in kuma ba a san shi ba, ko ƙunshin tsire ta fi ta amfani. Hular tana nan, ƙanena ke sa ta in zai hau babur.

Baban Khalifa: Kun gani ko? Mai takobin kwafi ya gaya maka gaskiya tun farko: kwafi ne, ga kuɗinsa. Ba wanda ya cuci wani. Ni a kasuwa na fi ganin girman wanda zai ce min "Alhaji, wannan shaddar ta Caina ce" a kan mai rantse-rantse.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Baba, kuma ba ƙananan 'yan intanet kaɗai ba, har manyan gidajen gwanjo rigima na faɗa musu. A 2006 Christie's ta yi babban gwanjon kayan Star Trek a New York. Wani ya sayi 'yar hular kare ido da aka ce Brent Spiner ya sa, a dala 6,000. Ya ɗauke ta ya kai wa ɗan wasan ya sa masa hannu, shi kuma ya ce masa ba ita ba ce, ta gasken shi da kansa ya sayar tuntuni. Mutumin ya kai ƙara, kotu ta yi watsi da ita. A 2018 kuma an janye wani takobin haske daga gwanjo bayan Mark Hamill, ɗan wasan da ya fito a matsayin Luke, ya ja kunnen masu saye cewa ba guda ɗaya ya riƙe a finafinan ba.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba a yin abu guda ɗaya tal a babban fim. Akwai wanda ake ƙawatawa don kyamara ta matso kusa da shi, shi suke kira hiro, shi ne mai tsada. Akwai na roba da ake faɗa da shi don kada a ji wa wani ciwo. Akwai na cika fili, wanda 'yan baya ke riƙewa ko ake zubawa a ƙasa. Sannan akwai wanda aka yi don fim ɗin amma bai taɓa barin sito ba. Duka huɗun mai sayarwa zai iya ce maka "na asali" bai yi ƙarya ba. Ko jan takalmin nan, ƙafa huɗu aka sani sun rage. Abin dariya ma, da FBI ta kai wanda aka sace gidan tarihin Smithsonian a Washington don a gwada shi da nasu, sai aka ga an yi musaya tun da daɗewa: ɗan'uwan na daman wannan yana can, na can yana nan.

Hujjar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce a tsayar da fim, a ƙara girman hoton, a nemo wani tabo ko ƙarzuwa ko karkacewar ɗinki, a same shi a jikin abin da ke hannu. Tunda aka fara fitar da tsofaffin finafinai da hoto tangaran, wannan aikin ya yi sauƙi, kuma ya tona asirin kaya da yawa. Ɗan Fagge, kwandala ɗaya cikin dubbai a tuli, ta yaya za ka nuna taka?

Ɗan Fagge: Ba yadda za a yi. Jikina ya fara sanyi.

Sarkin Tsokana: Ka ce wa baƙi ita ce ta 412 daga hagu. Wa zai ƙirga?

Mai Hoto: Ni fa har yanzu ban yarda layin a miƙe yake ba, asali nan, kwafi can. Ga Andrew Ainsworth, wanda ya zuba hulunan fararen sojojin Star Wars a roba a 1976. Daga baya ya ci gaba da yi yana sayarwa, Lucasfilm, masu fim ɗin, ta maka shi kotu, wata kotun Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 20. Amma a 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce hulunan ba sassaƙen fasaha ba ne a dokarsu, don haka a Ingila yana iya ci gaba. Hannun da ya yi na fim shi ya yi wannan. Kwafi ne ko ƙanin na asali? Ga kuma kamfanin motoci na Aston Martin. Sun sake ƙera motar DB5 irin ta James Bond ta Goldfinger guda 25, da lambar mota mai juyawa da bindigogin ƙarya, kowace fam miliyan 2.75 kafin haraji, kuma doka ba ta yarda a hau titi da su ba. Kwafi ne fa, ba wadda ta ga kyamara. Ita kuwa ta ainihin an sace ta a 1997 daga rumfar jirage a Boca Raton ta jihar Florida.

Almajirin Zaure: Malam Mai Hoto, ai misalanka ni suke goya wa baya. Me ya sa ake biyan kuɗi a hular Ainsworth fiye da ta wani maƙerin roba? Don hannunsa ya haɗu da fim ɗin. Me ya sa ta Aston Martin ta yi miliyoyi? Don gidan da ya haifi ta farko shi ya haife ta. Ko a cikin kwafin ma dangantaka ake bi.

Mai Hoto: Na karɓi rabi.

Abu Hanan: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba ku so. Dala miliyan 32 a takalmin da ba a sawa, ana kwana da yunwa a duniya, in wannan ba almubazzaranci ba ne to mene ne? Kuma a kula da masu siffar mutum-mutumi a cikin kayan nan.

Ɗan Fagge: Malam, ni fam 400 ce, kuma daga aikin dare na tara.

Abu Hanan: Ba kai nake nufi ba ɗan'uwa, Allah ya sa albarka. Tunatarwa ce.

Shugaban Zaure: An ji tunatarwa, Allah ya saka. A dawo kan tambaya don Allah, wancan makon ma haka muka faro daga kyamara muka ƙare a farashin masara.

Maman Ihsan: Ni bari in faɗi abin da ke ci min rai tun ɗazu. Shekara goma sha na yi ina haɗa kayan sawa a finafinanmu na Hausa kafin in koma ɗinki. Mu abinmu a juye yake. Su suna ƙera na ƙarya ya yi kama da gaske, mu na gasken muke arowa. In za a yi fim ɗin sarauta, alkyabba ta gaske ake nemowa haya ko aro daga gidan da suke da ita, da rawani, da takalmin gashin jimina in an samu. Akushi da ƙwarya da tukunya daga ɗakin wata tsohuwa a ƙauyen da aka je lokeshan. An gama, a mayar wa mai shi, in an fasa a biya. Wanda furodusa ya saya da kuɗinsa kuwa, ko ya shiga fim biyar a jere har ya yage, ko wani yaron lokeshan ya tafi da shi. Ba wanda ya taɓa ce min "rubuta a littafi wa ya sa wannan, a wane fim." Yau in ka ce in nemo maka rigar da wani jarumi ya sa a fim ɗin da duk Arewa ta haddace waƙoƙinsa a zamanin kaset, wallahi ban san inda zan dosa ba.

Kuma su ma Turawan ba da wayonsu aka haife su ba. A 1970 MGM, kamfanin fim na Amurka, ta yi gwanjon kayanta na shekara da shekaru kamar ana kwashe shara, a nan aka sayar da ƙafa ɗaya ta jan takalmin nan dala 15,000. 'Yar wasa Debbie Reynolds ce ta dinga saye tana tarawa, tana neman a gina gidan tarihi, abin bai yiwu ba, har ta gaji ta sayar a 2011. Farar rigar Marilyn Monroe kaɗai ta tashi dala miliyan 4.6. Indiya da muka tashi da finafinansu, gobara ta kama R.K. Studios a Mumbai a 2017, kayan sawa na finafinan Raj Kapoor da aka adana shekaru suka ƙone. Wanda ya ƙone ya tafi, sai dai a ɗinka mai kama da shi.

Don haka ni, duk da na ce na asalin jabu ne, in na ga wanda ya adana shi ina ganin girmansa. Kwafi ko yaushe za a iya sake yi.

Baban Khalifa: Hajiya, kin fara da bayana kin ƙare a bayan Injiniya.

Maman Ihsan: Alhaji, a kan kwandalar nan dai ina bayanka.

Ɗan Damagaram: Wani abin kuma, in za ka dawo da kaya gida ka tuna da yanayinmu. Na asali ba a yi su don su daɗe ba, an yi su ne su kai ƙarshen ɗauka. Fuskokin dodanni na roba mai soso ko a Turai bushewa suke suna marmashewa. Katakon da Rose ta kwanta a kai a Titanic, wanda aka sayar sama da dala 700,000 a 2024, balsa ne, icen da farce ke shiga. Ka kawo irinsa nan, zafin Afrilu da ƙurar hunturu da gara su yi taron dangi a kansa. Takobin ƙarfe kuwa ɗan mai kawai yake so.

Sarkin Tsokana: Takobi a akwati, a filin jirgi, a wannan zamanin. Ka tanadi bayanin da za ka yi wa kwastam, ya fi na kwandalar tsawo.

Injiniya: In kuma riba kake hange, ka cire rai daga duka biyun. Kwafin da aka buga dubbai da wuya ya wuce kuɗinsa, sai in kamfanin ya daina yi. Ƙananan na asali kuma, ka saya a gwanjo a ɗora maka la'ada wajen kashi 25, ga kuɗin aike, ran da za ka sayar a sake yankar wata. Waɗanda ke tashi su ne wanda kowa ya gani ya gane ba sai an yi bayani ba. Shawarata: in asali kake so, ka ƙara haƙuri ka nemi abin da za ka iya tsayar da fim ka nuna da yatsa, ko da wasiƙa ce ko alamar aljihun riga, daga gidan da zai karɓi kayansa in ya tashi jabu. In ado kake so, Baba ya gama magana.

Ɗan Fagge: Na dawo. Na rubuta wa mai kwandalar na tambaye shi sunan ma'aikacin da sashen da ya yi aiki. Ya ce sirri ne, kuma in yi sauri don mutum uku na jira. Na tambaye shi guda nawa yake da su, ya ce "kaɗan suka rage." Na bar masa. Takobin ma na ɗaga masa ƙafa, maganar kwastam ta shige ni. Anti Maman Ihsan, da gaske ba abin da ya rage a hannunki ko ɗaya?

Maman Ihsan: Akwai wata malafa da jakar fata ta dukawa a sitona, na wani fim ɗin ƙauye da muka yi. Ni na saye su da kuɗina shi ya sa na riƙe. Gefen malafar ya ɗan ɓalle ta hagu, kuma haka ta fito a fim ɗin, in ka samu faifan za ka gani. Daraktan yana raye, wanda ya sa ta ma yana raye. In ka zo hutu ka biyo, in sa su rubuta maka a takarda da sunansu da lambar wayarsu.

Almajirin Zaure: Mutum biyu kacal tsakaninka da kyamara, kuma duk an san su.

Ɗan Fagge: Anti, nawa?

Maman Ihsan: Ka fara zuwa ka gaishe ni tukuna. Kuma ka taho wa Ihsan da cakulan.

Sarkin Tsokana: Ni na haɗa cinikin nan da bakina da na kame. Kashi 25 ɗina fa?